Tambaya da Amsa: Na'urar gwajin waya mai sanarwa ta kunne

Wasiƙun da suka iso mana wannan karo daga Damagaram da kewaye sun taru a kan abu guda, wato ƴar na'urar gwajin wayar lantarki wadda take sanar da mai gyara ta hanyar ƙara, babu allura babu lambobi. Mun taƙaita tambayoyin, masu kama da juna kuma mun haɗe su.

Daga wani mai gyaran rediyo a kusa da Kasuwar Dole: Assalamu alaikum. Mitata ta allura ta mutu. Dama ko da tana aiki, duk lokacin da na ɗaga kai zan duba allurar sai tsinken gwajin ya zame daga inda na ɗora shi. Na ji an ce akwai wadda mutum zai haɗa da hannunsa ta riƙa kuka. Me zan saya, kuma yaya ake haɗawa?

Wa alaikumus salam, Malam. Damuwar da ka kawo ita ce dalilin yin wannan na'ura: ido yana kan aiki, kunne yana ɗauko sakamako. Zuciyarta aisi ne, wato ƙaramin guntun lantarki (IC), mai ƙafa takwas da ake kira NE555. Wani injiniya mai suna Hans Camenzind ne ya tsara shi a 1971, kamfanin Signetics na Amurka ya fara sayar da shi a 1972, kuma har yau yana cikin kayan da ba a rasawa wurin masu sayar da kayan gyara. Yana aiki daga volt 4.5 zuwa 16, don haka pil ɗin volt 9 mai kusurwa huɗu ya ishe shi.

Bayan aisin, nemi gurbinsa mai ƙafa takwas, wanda ake liƙawa a allo sannan a cusa aisin a ciki. Kada ka raina shi, ranar da aisi ya ƙone za ka gode masa. Sai rezistans uku: 1k, wato om dubu ɗaya, mai zanen ruwan ƙasa, baƙi, ja, 2.2k mai ja, ja, ja. Da om 220 mai ja, ja, ruwan ƙasa. Kondansata huɗu: guda mai lamba 104 na roba, koren nan mai kama da alawa, guda mai lamba 103, sai biyu masu gwangwani, 47 µF da 100 µF, masu jure volt 16 ko fiye. Ƙara da ƙaramar lasifika ta om 8 daga mataccen rediyo, makunni, hular pil, allo mai huji-huji, da waya biyu masu laushi, ja da baƙa, kowace kamar kamu ɗaya da rabi.

Riƙe aisin rubutu yana kallonka, ɗan tsagin da ke jikinsa yana sama. Ƙafar da ke sama ta hagu, inda ɗigon yake, ita ce ta 1. Ka sauko ta hagu 2, 3, 4, ka tsallaka dama ka hau 5, 6, 7, 8. Wato ta 8 tana fuskantar ta 1. Mutane da yawa a nan suke ɓata, sai su ƙirga ɓangaren dama daga sama.

Ƙafa ta 1 ta tafi ga baƙar wayar pil. Ta 8 da ta 4 a haɗe su, su tafi ga jar wayar pil ta cikin makunni. Ɗora 1k tsakanin ƙafa ta 8 da ta 7. Haɗe ta 2 da ta 6 da ƴar guntuwar waya, sannan daga nan ka sauke kondansata 104 zuwa ƙafa ta 1. Mai lamba 103 ya zauna tsakanin ta 5 da ta 1. Mai 100 µF ya zauna tsakanin ta 8 da ta 1, doguwar ƙafarsa a wajen ta 8. Daga ƙafa ta 3 a bi ta om 220, a shiga doguwar ƙafar 47 µF, gajeruwar ta tafi lasifika, ɗayan bakin lasifikar ya koma ƙafa ta 1. Saura tsinkayen gwaji: daga ƙafa ta 7 a bi ta 2.2k a fita da jar waya, baƙar kuma ta fito daga mahaɗar ta 2 da ta 6. Bakin tsinken, tsohon biro da aka cusa wa ƙusa ko allurar ɗinkin buhu ya wadatar.

Ga yadda take aiki. Kondansata 104 kamar ƴar randa yake, kura, wato wutar lantarki, tana cika shi ta cikin abin da ka taɓa da tsinkaye. Idan ya kai kashi biyu bisa uku na ƙarfin pil, wato volt 6, aisin ya buɗe ƙafa ta 7 ya zubar da shi ta wannan hanyar dai. Idan ya sauka zuwa volt 3, ya rufe a sake cikawa. Kowane cika da zubarwa bugu ɗaya ne a lasifika. Hanya a buɗe, randa ta cika da sauri, ka ji tsuwa siririya. Hanya mai turjiya, cika ta yi jinkiri, murya ta yi kauri. Hanya a yanke, shiru.

A wajen sudir, ƙarfe mai wat 30 zuwa 40 ya isa, kuma kada ka wuce daƙiƙa uku a kan ƙafa ɗaya. Yi amfani da dalma mai ƙaro a cikinta. Ruwan asid ɗin masu gyaran radiyata kada ya kusanci allon, yana cin tagulla, kuma ragowarsa tana ɗaukar kura tsakanin ƙafafu. Gurbin za ka liƙa tukuna, aisin ya shiga a ƙarshe bayan komai ya huce.

Daga wata ɗalibar fannin lantarki a unguwar Birni: Na haɗa ta yi ƙara. To ta yaya zan san om nawa ƙarar take nufi?

Madalla, ƴar'uwa. Lissafin ba shi da wuya. Tara om ɗin abin da kike gwadawa da 2,200, ki ninka sau biyu, ki ƙara 1,000. Abin da ya fito ki raba 14,400,000 da shi. Sakamakon shi ne yawan bugu a daƙiƙa, abin da ake rubutawa Hz.

Idan tsinkaye suka taɓa juna, 2,200 sau biyu da 1,000 ya ba da 5,400, ƙara ta kama wajen Hz 2,670. An zaɓi wannan da gangan, domin kunnen ɗan Adam ya fi kaifi a tsakanin 2,000 da 4,000, ko cikin hayaniyar kasuwa za ki ji ta. A kan 1k za ta sauko zuwa kamar 1,950. A kan 4.7k, 970. A kan 10k, 570, murya irin ta mutum. A kan 47k, 145. A kan 100k ta zama gurnani na Hz 70, a kan 1M kuma, wato om miliyan ɗaya, ba murya ba ce sam, ƙas-ƙas ne sau bakwai a daƙiƙa, har kina iya ƙirgawa.

Amma kunne ba ya haddace lamba, kwatance ya iya. Saboda haka liƙa rezistans biyar ko shida da kika san ƙimarsu a jikin akwatin, misali om 100, 1k, 4.7k, 10k, 47k da 100k, ƙafafunsu a waje. Ki taɓa abin da kike tuhuma, ki taɓa na jikin akwati, ki ji wanne ya fi kusa. Cikin mako guda kunnenki zai saba.

Abu biyu suna ruɗa sabon hannu. Na farko yatsu. Idan kika riƙe ƙarfen tsinkayen biyu da hannu, jikinki ya zama hanya ta biyu. Lokacin hunturu fata ta bushe, turjiyarta tana da yawa, kuskuren kaɗan ne. A watan Afrilu da Mayu kuwa, hannu yana gumi, sai rezistans 100k ta yi miki muryar 30k. Na biyu naɗin waya, kamar na fanka ko taransifoma. Naɗi yana ƙin kurar da ke sauya hanya da sauri, don haka muryarsa takan yi ƙasa fiye da yadda om ɗinsa ya nuna. A nan abin da za ki iya sani shi ne ya yanke ko bai yanke ba. Idan kina son fiye da haka, gwada shi gefe da gefe da irinsa mai lafiya.

Daga wani yaron shago a Garin Malam: Maigidana ya ce in haɗa don in koyi sudir. Tawa murya ɗaya take yi ko me na taɓa, ta abokina kuma ba ta cewa komai.

Ƙanena, muna da yaƙinin ba lasifika ka sa ba, baƙin buza ɗin nan ka sa mai alamar tarawa a kansa. Buza iri biyu ne masu kama da juna. Ɗaya yana da nasa injin ƙara a ciki, da ka ba shi kura sai ya yi tasa muryar, babu ruwansa da abin da aisi ke faɗa. Ɗayan fanko ne, sai abin da aka ba shi yake maimaitawa. Taɓa shi da pil kai tsaye: idan ya riƙe kuka, mai inji ne, ajiye shi, zai yi amfani a wani wuri da za mu ambata a gaba. Idan ƙas kawai ya yi, shi ne ake so. Idan kuwa lasifika ka sa amma tana kuka tun kafin ka taɓa komai, to dalma ta tsallake tsakanin ƙafa ta 6 da ta 7, maƙwabtan juna ne. Bi tsakaninsu da bakin reza.

Ta abokinka a bi ta daki-daki. Ƙafa ta 4 ita ce ta farkon tuhuma, a tabbatar an kai ta ga jar waya, domin idan ta taɓa hanyar baƙar wayar pil, aisin yana nan a kulle. Sai guntuwar wayar da ke haɗa ta 2 da ta 6, ana yawan mantawa da ita saboda tana zagayawa ta bayan allo. Sai aisin da aka cusa a juye, wanda alamarsa ita ce zafi nan take. Idan ya yi zafi har yatsa bai iya zama a kai ba, cire pil, kuma ka ɗauka ya riga ya tafi. Duba lambar kondansata ma: idan aka sa 102 a madadin 104, ƙarar ta ninku sau ɗari, ta wuce Hz 20,000 da kunne ke iya ji, na'ura tana aiki amma ku shiru kuke ji.

Kada ku cire om 220 ɗin nan don neman ƙara mai ƙarfi. Ƙafa ta 3 tana fitar da kamar volt 7, lasifikar om 8 kai tsaye za ta nemi kusan miliamfa 900, aisin kuwa iyakarsa 200. Idan ƙarar ta yi muku kaɗan ku sauko zuwa om 100, ku kuma rufe lasifikar cikin akwati mai huji, kwalin sabulu na roba ma ya yi. Lasifika tsirara ba ta da amo.

Daga wani mai gyaran caja da fitilun sola a Mirya: Na gwada diyod mai lafiya, ta kowane ɓangare shiru. Na gwada sabon kondansata 470 µF, ya yi tsuwa kamar ya haɗe. Na'urar ce ta lalace?

Lafiyarta lau, Malam, kuma wannan tambaya ta fi kowace muhimmanci a yau, domin a nan ne na'urar take yi wa mai ita ƙarya. Ka tuna randa tana cika ta hanyar tsinkaye, kuma ta nan take zubewa. Ke nan kurar da ke bin tsinkayen tana kai da komo ne. Diyod ƙofa ce mai buɗewa gefe guda. Ka ɗora ta daidai, randa ta cika amma ba ta da hanyar zubewa, sai ƙas ɗaya, shiru. Ka juya ta, randa ba ta ma cika ba. To a wannan tsari diyod mai lafiya da wadda ta yanke duk shiru suke, wadda ta haɗe ce kaɗai ke kuka.

Kondansata kuma akasin haka. Abin da ya shiga cikinsa a lokacin cika shi ne yake fita a lokacin zubarwa, bai taɓa tara komai ba, saboda haka duk mai 1 µF zuwa sama zai yi maka kuka kamar ya haɗe ko da sabo ne fil. Masu gyara da yawa sun zubar da kaya masu kyau a kan wannan.

Maganin kaya uku ne: diyod 1N4148, wata rezistans 2.2k, da ƙaramin makunni na biyu, a jere ɗaya bayan ɗaya tsakanin ƙafa ta 6 da ta 7. Gefen diyod mai baƙin zobe ya kalli ƙafa ta 7. Idan ka kunna wannan makunni, randa ta sami ƙofar baya ta zubarwa, cika kaɗai ya rage sai ta tsinkaye. Yanzu diyod mai lafiya za ta yi kuka idan jan tsinke yana gefen da babu zobe, ta yi shiru idan ka juya. Kuka ta gefe biyu, ta haɗe. Shiru ta gefe biyu, ta yanke.

Ga kondansata, fara zubar da kurar da ke cikinsa, sannan jan tsinke a doguwar ƙafa. Mai lafiya zai fara da tsuwa, murya ta riƙa sauka har ta ɗauke. Mai 100 µF yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu, mai 1,000 µF ya haura daƙiƙa goma. Wanda ya haɗe ba ya sauka. Mai yoyo yakan sauka ya tsaya a gurnani ko ƙas-ƙas, ya ƙi yin shiru. Wanda ya bushe, abin da zafin garin nan ke yawan jawowa a caja da talabijin, yakan ɗauke da wuri fiye da ɗan'uwansa sabo mai lamba ɗaya. Sai dai wani yakan lalace ta hanyar da wannan gwaji ba ya gani, don haka idan kan gwangwanin ya kumbura canza shi, ko me ƙara ta ce.

Fitilun LED suna da nasu hali. Abin da ya rage tsakanin volt 9 na pil da volt 6 da randa ke nema volt 3 ne. Jar LED tana cin ƙasa da volt 2, za ta yi kuka ta kuma ɗan haska. Fara da shuɗiya suna cin kusan 3, don haka sau da yawa haske kaɗan za ka gani babu ƙara, musamman idan pil ya fara sanyi. Hasken ne shaidarka. Idan ka gama, kashe makunni na biyu, domin yana kunne lissafin om ɗin da muka bayar a sama ba ya aiki.

Daga wani dattijo mai gyaran agogo da rediyo a Zongo: Da safe murya daban, da azahar daban, a kan rezistans guda. Kuma pil ba ya kwana biyar.

Ranka ya daɗe, Baba, laifin ba na pil ba ne. Aisin yana auna kashi ɗaya bisa uku da biyu bisa uku na duk abin da pil ya ba shi, don haka ko pil ya yi rauni muryar ba ta cika gusawa ba, ƙarfinta ne ke raguwa. Mai sauya murya shi ne kondansata 104 idan na yumɓu ne, ƙaramin nan mai kama da ƙwayar wake. Irin masu arha ƙimarsu tana faɗuwa ƙwarai da zafi, wasu sukan rasa fiye da rabi idan sun gasu. A rumfar kwano, lokacin da zafi ya haura digiri 40, dole a ji bambanci. A sa na roba, wanda galibi ake rubuta wa 2A104J, magana ta ƙare.

Game da pil, NE555 yana shan kamar miliamfa 5 ko da yana shiru. Pil ɗin volt 9 mai kyau bai fi miliamfa-awa 500 zuwa 600 ba, masu arha ba su kai haka ba, ka ga kwana huɗu ya ƙare idan an bar shi a kunne. Matsalar ita ce na'ura mai shiru ba ta tuna wa mutum tana kunne. Ko a sa makunni irin na dannawa a jikin jan tsinke, wanda ke sakewa da an ɗaga yatsa, ko a canza aisin da TLC555 ko 7555. Ƙafafunsu ɗaya da na NE555, a gurbi guda suke shiga, kuma abin da suke sha bai kai rabin miliamfa ba. Sai dai ba su da ƙarfin tura lasifika sosai, sun fi dacewa da buza fanko.

Daga wani mai gyaran salula: Zan iya bin layukan allon waya da ita? Kuma ina son in bambance layi mai kyau da wanda ya ci tsatsa.

A'a, ɗan'uwa, duka biyun ba aikinta ba ne. Tsakanin tsinkayenta akwai volt 6 zuwa 9 kafin su taɓa komai, alhali cikin salula akwai sassan da ke aiki da volt 1.8 ko ƙasa. Kurar ba ta kai miliamfa 3 ba, amma ƙarfin ya isa ya buɗe ƙofofin da ke cikin aisi-aisin allo, ka ji kuka a inda babu haɗi, wani lokaci ma ya yi ɓarna. Sannan a ƙananan om kurma ce. Waya tsantsa tana ba da Hz 2,667, om 10 yana ba da 2,657. Babu kunnen da zai kama wannan a cikin shago.

Abin da kake bukata wata ƴar na'ura ce daban, da aisi LM393, shi ma ƙafa takwas, ƙirga iri ɗaya. Ƙafa ta 8 ga jar wayar pil, ta 4 ga baƙa. Daga jar waya sauke 4.7k zuwa ƙafa ta 3, daga ta 3 kuma om 100 zuwa baƙa. Jan tsinke ya fito daga ƙafa ta 3, baƙin tsinke daga baƙar wayar pil. Da haka ƙarfin da ke bakin tsinkaye bai kai volt 0.2 ba, diyod ta silikon kuwa sai wajen 0.6 take buɗewa, don haka ba za ta farka ba. Sai ma'auni: daga jar waya 47k zuwa ƙafa ta 2, daga ta 2 kuma rezistans mai murɗawa ta om 500 zuwa baƙa. Buza mai inji da muka ce yaron Garin Malam ya ajiye, nan ne gidansa: ƙafarsa mai alamar tarawa ga jar waya, ɗayar ga ƙafa ta 1. A zaɓi mai cin kura kaɗan, domin LM393 ba ya jan kaya mai nauyi. Ƙafa ta 5 da ta 6 a kai su ga baƙa, ta 7 a bar ta haka.

Saitawa: kama rezistans om 10 da tsinkaye, murɗa a hankali har buza ya fara kuka, tsaya nan. Gwada om 22, ya kamata ya yi shiru. Abin da aisin ke rarrabewa a nan milivolt 17 ne da 34, saboda haka bakin tsinke mai datti ko dalmar da ba ta kama ba ya isa ya ruɗa ka. Goge bakin da takardar yashi, musamman lokacin ƙurar hunturu. Kuma cire batirin salular kafin ka taɓa allon. Wannan ba ta rera muryoyi, i ko a'a kawai take cewa, amma ita ce ta bin layi, fiyus, igiyar caja da wayoyin babur. Idan kana tuhumar igiya mai yankewa tana dawowa, kama bakinta biyu ka riƙa lanƙwasa ta kamu-kamu, inda kuka ya katse nan cutar take, kuma galibi dab da kai ne.

Daga wani mai haɗa wutar gidaje a Magarya: Na taɓa soket da ita don in ga ko akwai kura, ta yi tartsatsi ta mutu.

Alhamdu lillahi da ita ce ta mutu ba kai ba, Malam. Wannan na'ura da tata kurar take gwaji, ba ta karɓar ta waje. Volt 220 na NIGELEC ya shiga ƙafar da aka yi wa volt 9, kuma a wannan lokaci duk ƙarfen da ke jikinta, har hular pil, yana ɗauke da wutar. Kafin ka taɓa wayar gida kashe babban makunni, ka tabbatar da abin gwajin da aka yi domin wuta. Faifan sola ma haka: wanda ake ce wa na volt 12 yana fitar da fiye da 20 a rana idan babu kaya a kansa, a cire shi a cire batir tukuna.

Wanda ya fi cin mutane shi ne babban kondansatan da ke cikin caja, talabijin da inbata. Yana cika har wajen volt 310, yana kuma riƙewa bayan an zare filogi. A zubar da shi ta rezistans 10k mai wat 5 da aka sa wa wayoyi masu rufi, a riƙe daƙiƙa goma, mai girma a ƙara lokaci. Kada a haɗe shi da sukuddireba.

Sannan shirun na'urar tsakanin waya da jikin ƙarfe ba shaida ba ce cewa rufin wayar yana da lafiya. Rufin da ya tsage yana iya tare volt 9 ya saki 220. Wannan gwajin mega ne ke yinsa, mai tura volt 500. Taka kuwa canza aisi, ka duba 2.2k da kondansata 104, galibi su uku ne ke tafiya tare.

Daga wata uwargida a Matamaye: Ɗana ya ce za ta iya sanar da mu idan tankin ruwa ya cika, don kada ya zube.

Ya yi gaskiya, Hajiya. Ruwan famfo da na rijiya suna ɗaukar kura gwargwadon gishirin da ke narke a ciki. A ɗaure cokula biyu na silba marasa tsatsa a kan katako ko roba, tazarar yatsa biyu a tsakaninsu, a rataye su a inda ake son ruwa ya tsaya, a ja waya biyu zuwa tsinkayen. Da ruwa ya taɓa su za ta yi kuka. A bar makunni na biyu a kashe, domin kura mai kai da komo ba ta cin ƙarfe kamar mai tafiya gefe guda. A sa TLC555 ko 7555 tunda za ta daɗe a kunne, akwatin kuma ya zauna a inuwa nesa da feshin ruwa. Ruwa mai kanwa ko gishiri zai fi siririyar murya, na sama ya fi kauri, amma wannan ba ya nuna ko ruwa ya dace da sha, ƙwayoyin cuta ba sa sauya muryar. Duk wata a ciro cokulan a kankare farin dattin da ke taruwa a jikinsu, idan ya yi kauri muryar takan riƙa sauka har ta ɗauke.